Mutawakil, Jagoran da Bai Kalli Kifi Ba

Faɗanmu na farko da Mutawakil a kan silin ɗina aka yi shi. Wata Lahadi ce da la'asar, ina zaune a falona a unguwar Barking ta London ina tsince zogalen da aka aiko min daga Kano, sai na ji ɗis a tsakiyar kaina. Na ɗaga ido, ga silin ya yi ciki kamar akuyar da ta kusa haihuwa. Na ajiye faranti, na hau benen nan da gwiwoyina masu ƙara, na dinga dukan ƙofar sababbin maƙwabtana na sama har tafin hannuna ya yi zafi.

Abin da ya buɗe min ƙofa, da a gida ne da na ce aljanin rijiya ne. Ƙato, baƙi, dogo, daga shi sai gajeren wando da singileti, ruwa na zuba daga jikinsa. Fuskarsa tana cikin wani tabarau mai kama da murfin tukunya, ga wata mesa a bakinsa ta miƙe ta bayan kunne.

Na ce, "A'uzubillahi. Kai kuma wane irin kwaɗo ne hukumar council ta ajiye min a ka?"

Ya zare mesar, ya rusuna a jiƙe. "Sannu, Inna. Lafiya?"

"Lafiyar ce ta sa na hau bene? Ana ruwa a ɗakina, a waje kuma rana. Gandamemen mutum da kai, har da gemu, ka rasa wurin wasa sai bahon wanka?"

Ya ce a yi haƙuri, famfo ya manta. Na ce wanda ya manta famfo yau, gobe gas zai manta ya ƙone mu. Na faɗa masa maganganu da yawa ranar, bai mayar min da ko ɗaya ba. Washegari ya zo da mai gyara, ya haɗo min da ayaba, tun daga nan nake kiransa Kwaɗo yana amsawa. Labarinsa kuwa a bakinsa na tsinta, kaɗan-kaɗan, don ba mutum ne mai zuba ba.

A Yawuri aka haifi Mutawakil, a bakin kogi, gidan masunta. Ya iya iyo kafin ya iya ɗaura wando. Da ya tasa ya ga kifi ya fara ƙaranci, sai ya gangara Legas, ya samu tuƙin kwale-kwale mai inji a wani otal. Da aka mayar da manajan otal ɗin wani tsibiri can gabas da Afirka, a tekun da ke tsakaninmu da Indiya, sai ya ce a bar masa yaron nan da ba ya magana kuma ba ya kifar da jirgi. Haka ɗan masunta ya wayi gari a wurin da ko sunansa bai taɓa ji ba.

Tsibirin, in ji shi, teku ce ta kewaye shi tana hauka, amma kafin ta iso gaɓa akwai wata katanga ta duwatsun murjani da ta yi masa zobe. A wajen zoben igiyar ruwa tana ta dukan kanta. A ciki kuwa tafki ne, ruwan kwance yake luf, kamar yaron da ya sha nono ya ƙoshi. Kusa da gaɓa fari ne tas, kana ganin yatsun ƙafarka. In ka ɗan matsa sai ya koma kore-kore irin na ɗanyen mangwaro, daga nan shuɗi mai haske kamar zanen da aka tsoma a karofi sau ɗaya aka ciro, can kusa da katangar kuma shuɗin da marini ya gaji da tsomawa. Rairayin ƙasa kamar garin shinkafa. Da safe, kafin baƙi su tashi, ba ka jin komai sai ganyen kwakwa suna gulmar iska.

Aikinsa jagora ne. Kullum da hantsi masu yawon buɗe ido za su fito daga otal, sun shafe jiki da farin mai, hanci ya yi ja kamar tattasai. Ya saka wa kowa rigar da ke hana nutsewa, ya ɗora su a kan baburan ruwa, irin waɗanda suke ce wa jet ski, ya nuna musu inda ake murɗawa da inda ake saki. Sai ya hau nasa ya shiga gaba, su jeru a bayansa kamar 'ya'yan agwagwa, su zaga tafkin, farin kumfa yana bin kowa kamar jela. In sun kai wani wuri marar zurfi kusa da murjanin sai a kashe inji a ɗaure baburan. Kowa ya saka tabarau, ya ciji mesar numfashi, ya kwanta rub da ciki a kan ruwa yana kallon abin da Allah ya ɓoye a ƙasa.

To ga inda maganar take. Tsohon jagoran da ya koya masa aiki, doka ɗaya ya kafa masa: jagora ba ya kallon kifi. A kan babur, wuyanka a baya yake, kana duba wa ya karkace, wa ya yi gudun banza don ya burge matarsa. A cikin ruwa kuwa kanka a sama, idonka a kan bayan mutane da bakin mesarsu. Wanda mesarsa ta nutse ta daɗe, ka kai masa. Wanda ya fara harba ƙafa da sauri, tsoro ya kama shi, ka kai masa. Mutawakil ya riƙe wannan doka kamar wasiyyar uba. Ya kai in ya ga bayan mutum ya tsaya cak, ya san kunkurun ruwa ne ya gifta ta ƙarƙashinsa. In ya ji mace ta yi ƙara a cikin mesa, ya san garken kifin nan masu ratsin rawaya ne suka kewaye ta. Ya san wurin kowane kifi, yana nuna shi da yatsa ba tare da ya sunkuya ba. Shekara goma da 'yan kai bai rasa mutum ko ɗaya ba, kuma tafkin nan duk a fuskar wasu ya gan shi, lokacin da suka ɗago suna haki, idonsu ya yi waje.

Na ce masa, "Ranar hutu fa, Kwaɗo? Ɗaure ka ake yi?"

Ya ce ranar hutu barci yake, ko gyaran inji. Tafkin yana nan a ƙofar ɗaki, ina zai je? Gobe. Kullum gobe.

Sau ɗaya tak ya kalla don kansa. Babur ya mutu masa a tsakiyar tafki, shi kaɗai, yana jiran a zo a ja shi. Zafi ya ishe shi, ya saka tabarau ya zame cikin ruwa. Ya ce da farko numfashinsa kawai yake ji, yana shiga yana fita kamar na wani mutum dabam. Sai kuma wani ƙas-ƙas-ƙas daga murjanin, kamar ana suyar gyaɗa a gidan maƙwabta. Hasken rana ya saƙa wata koma ta zinariya a kan rairayi, tana motsi, ba ta kama komai. Kifaye suna wucewa sanye da atamfofin da babu su a kasuwar Kwari, wani shuɗi da bakin rawaya, wani kamar an yi masa lalle. Sai ga kunkuru ya taso daga ƙasa, a hankali, yana fiffika kamar tsohon da ya yi alwala ya nufi masallaci tun kafin a kira salla. Ya zo daidai fuskarsa ya dube shi. Nan ƙarar jirgin da ya zo jansa ta shigo ruwan, ya ɗago kai, shi ke nan.

A wannan aikin ya haɗu da matarsa. Wasu ma'aikatan jinya ne suka zo hutu daga London. Da aka gama kallon kifi ya ƙirga kawuna, ya ga babu ɗaya. Ya saka tabarau. Ya nutse, ya zaga, ya sake nutsewa har kunnensa ya toshe. Da ya kora sauran gaɓa, sai ga wadda yake nema a ƙarƙashin laima, an jibge mata jakunkunan kowa, tana cin gyaɗa. Tun a wurin saka riga ta sulale. Haushi ya sa ya manta Turanci, ya ce da Hausa, shi da kansa, "Wannan baiwar Allah ta kusa kashe ni."

Ta ɗago ta ce, "Baiwar Allah dai tana da hankali. Ni da ruwa sai a kofi."

Karimatu ke nan, 'yar Kwantagora. Hausar da ya yi shekaru bai ji ba ita ta fara kama shi, sauran kuma ya biyo baya. Ta ce ba za ta zauna a inda ruwa ya kewaye ta ba, ya ce to. Ya tattara tabaransa da mesarsa ya biyo ta London. Har yau Kyaftin take kiransa, yadda ta ji ana kiransa a can.

A nan ya zama direban bas, irin jar nan mai bene. Aikin ya yi masa daidai, don nan ma rabin idonka a madubi yake: wa ke kan matakala, wace tsohuwa ba ta zauna ba tukuna. Hanyarsa ta bi ta Aldwych, inda titi ya lanƙwashe kamar lauje. Ya ce in an yi ruwa, kwalta ta jiƙe, basa-basai suka jeru suna shan kwanar nan a hankali, sai ya ji kamar ya shiga gaba ne suna biye da shi, yanzu za a kashe inji a ɗaure. Ranar hutu kuma sai ya cika baho, ya saka tabarau, ya kifa fuska. Babu abin gani a ciki sai toshiyar baho. Numfashin yake nema. In ya ji shi yana shiga yana fita, sauran yakan zo da kansa: komar zinariyar, da kifi mai lalle. Kunkurun ne kawai bai taɓa yarda ya zo Barking ba.

Haka muka zauna, ina jin ruwansa yana bin bututu ta bangon ɗakina duk ranar hutu, har 'yar da suka haifa ta girma ta tafi jami'a, har gemunsa ya yi fari.

Sai ido ya fara. Hawan jinin ido, in ji likita, irin wanda ba ya ciwo, yana ci daga gefe. Kafin a gane ya ci da yawa. Mutawakil ya ce kamar yana leƙen duniya ta bakin tulu ne, kuma bakin yana tsukewa. Ya ajiye tuƙi da kansa tun kafin a ce ya ajiye. Ana ɗiga magani, an yi aiki, amma likita ya ce ba zai yi alkawarin baɗi ba. In akwai abin da yake son gani, ya je ya gani bana. Hutun Karimatu da ƙarfin aljihunsu kuwa tafiya ɗaya za su ɗauka.

Mutanenmu suka zo dubiya, falo ya cika da takalma da 'ya'yan itace. A cikinsu akwai Alhaji Abdul-Salam na Dagenham, shugaban ƙungiyarmu, mutumin kirki, sai dai in ya fara magana ko ƙararrawar gobara sai ta jira. Ya gyara babbar riga ya ce, "Malam Mutawakil, magana ɗaya ce. Umra. Ka je ka cika idonka da Ka'aba, ka wanke su da zamzam. Ina da group da za mu tashi bayan Mauludi, gobe zan yi maka booking."

Aka ce masha Allah, aka shafa. Mutawakil ya riga ya sauke farali shekarun baya, kowa ya sani. Amma wa zai buɗe baki a gaban dattawa, an ambaci Ɗakin Allah, ya ce shi kifi yake son gani? Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Alhaji. Allah ya saka da alheri." Mu kuwa kun san mu. Namiji ya ce wa babba to a gaban jama'a, ya ɗaure kansa, kuma ba shi zai kwance ba.

Daga ranar bututun bangona ya yi shiru. Mako ya zagayo, shiru. Wani ya zagayo, shiru. Mutawakil yana zaune a bakin taga yana kallon jiragen ƙasa na District line suna wucewa ta ɗan ramin da ya rage masa. Ba ya ƙin Umra, Allah ya sani. Yana ta gaya wa zuciyarsa cewa an zaɓar masa mafi alheri, ita kuma tana cewa to, irin wanda ya ce wa Alhaji. In ya rufe ido don ya kira tafkin, sai ya ga bayan mutane kawai, jajaye, suna yawo a kan ruwa. Abin da ya tara ke nan. Da wannan zai shiga duhu.

Na hau benen. Na ce, "Kwaɗo, rijiyar taka ta ƙafe ne?"

Ya yi murmushi. "Na girma, Inna."

"Ƙarya kake. Ina kake son zuwa?"

"Na riga na ce to."

"Ban tambaye ka abin da ka ce ba. Bakinka dama tun da na san shi to yake cewa. Ina kake son zuwa?"

Ya juya wajen taga. Can ya ce, "Sau ɗaya nake so, Inna. In kwanta a ruwan nan babu wanda nake kiwo."

Karimatu tana bakin kicin da ludayi a hannu. Ta sani tun tuni. Ita tsoronta dabam ne: kada ya koma ya ga abin da ya bari saboda ita, ya auna, ya ga ta yi masa tsada. Na ce mata, "Ke kuma, mutumin da ya yi shekaru yana tsoma kai a baho bai ce miki komai ba, yanzu ne zai yi miki lissafi? Miƙo min mayafina."

Ƙullin babba sai wanda ya girme shi, ni kuwa na yi goyon sa'o'in Alhaji Abdul-Salam. Na hau jirgin ƙasa na tube na sauka a Dagenham, na same shi yana shan shayi.

"Hajiya Amamata da kanki? Da kin yi waya ai."

"A waya kana katse mutum. Zauna. Alhaji, makaho yana ɗawafi ko ba ya yi?"

"Yana yi mana. A riƙe hannunsa, ko a tura shi a keke."

"Ana rage masa lada?"

"Subhanallahi, wa zai rage?"

"To Ka'aba za ta karɓe shi baɗi, da ido ko babu. Kifin nan kuwa sai da ido. Kuma Wanda ya ce a fuskanci Ɗakinsa, Shi ya zauna ya yi wa kifin ado, ba Bature ba."

Ya ajiye kofi. "Kifi kuma? Wane kifi?"

Na ba shi labarin tun daga Yawuri. Ya saurara har ƙarshe, abin da ban taɓa gani ba. Ya ce, "Ikon Allah. To me ya hana shi faɗa?"

"Kai ka taɓa barin wani ya faɗa?"

Ya yi dariya har ya ƙware. Ranar Juma'a bayan masallaci ya zo Barking da mutum biyu cikin waɗanda aka yi maganar a gabansu, don a gabansu ya kamata a warware. Ya ce, "Malam Mutawakil, na yi cancel. Ka je ka gaishe min da kunkuru. Baɗi in muna raye ni zan riƙe hannunka a ɗawafi, kuma ba na son musu." Mutawakil ya buɗe baki, na san abin da zai fito, na ce in ya sake cewa to sai na ƙwala masa faranti. Sai ya sa hannu ya rufe fuska.

Saura matsala ɗaya, Karimatu ce ta gano ta. Mutumin da ba ya gani ta gefe ba a sake shi a ruwa shi kaɗai, shi kuma in aka haɗa shi da baƙi, ta san halinsa, kiwonsu zai koma yi. Dole wani nasa ya kwanta kusa da shi, kai a sama. Matar da ta ce ita da ruwa sai a kofi, sai ga ta tana zuwa wurin iyo na council ranar da ake ware wa mata, da doguwar rigar iyo har idon sawu. Takan dawo ido jajur tana tsine wa ruwan da wanda ya ƙirƙiro shi. Wata rana ta shigo ta ce, "Kyaftin, yau na saki bango." Ya tashi tsaye ya sara mata.

Da safe suka tafi, ana yayyafi. Mota tana jira a ƙofa, Karimatu tana faɗa da akwati. Har yanzu suna can, ban san abin da ya gani ba. Ya tsaya a bakin ƙofata ya rusuna, yana juya kai a hankali har ya samo fuskata a cikin ɗan ramin nan nasa.

"Inna, a yi mana addu'a. Me zan kawo miki?"

Na ce, "Me za ka kawo min, gishiri? Allah ya kai ku lafiya. Ka ji, Mutawakil, idon nan da ya rage maka, kada ka yi masa tattali. Ka buɗe shi ka cinye shi tas a can. Kada ka dawo mana da saura."